Buhu Tara na Albasar Iri

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba", ku sarara haka, ga shi na kawo. Ke kuma da kika rubuto kina roƙon in tausaya wa Waliyyu, 'yar'uwa, ni ban aike shi ba, shi ya kai kansa.

*

Tun da aka buɗe kasuwar hannun jari da safiyar Juma'ar nan Waliyyu bai taɓa fayil ko ɗaya ba. Yana zaune a teburinsa a sakatariyar Maiyama, waya a kan cinya, yana jan fuskarta da babban yatsa yana saki. Lambar dai ja ce. Naira ɗaya da kwabo goma sha huɗu. Ranar Litinin da ya saya, naira ɗaya da kwabo arba'in take.

A ƙasan lambar ga odarsa ta sayarwa da ya saka tun Laraba, tana nan inda ya bar ta. Ko tayawa ba a yi ba.

"Waliyyu."

Bai ji ba.

"Waliyyu Ya'ƙub!"

Ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur. Madam Zipporah ce, shugabar ofishinsu, ta sauke tabarau zuwa kan hanci tana kallonsa. Shekararta goma sha tara a Maiyama tun da aiki ya kawo ta daga kudancin Kaduna. Ita ta koya masa sayen hannun jari, wata goma sha huɗu da suka wuce, ranar da ya ga alat ɗin ribar shekara ya shigo wayarta ya tambaye ta ko adashi ta ɗauka. Tun daga lokacin, duk wata in an yi albashi yakan ware dubu ashirin da biyar ya sayi na wani kamfanin siminti, ya rufe waya ya manta.

"Kwana uku ina lura da kai," ta ce. "Ba ka ci, ba ka aiki. Jikin Baba ne?"

"Baba da sauƙi, Madam. Maɗori ya ce saura sati ukku a kwance kara."

"To mene ne?"

Ya dubi wayar. Sai kuma ya tashi ya ajiye mata wayar a gabanta, don ya gaji da riƙe abin shi kaɗai.

Ta mayar da tabarau. Ta karanta sunan kamfanin, ta sake karantawa.

"Wannan ba masaƙar nan ba ce da ta shekara tara ba ta kunna inji ba?"

"Ita ta. Mu Tauraruwa muka ce mata."

"Ku wa?"

"'Yan guruf ɗinmu na waya. An ce masu kuɗɗi sun shigo, za a tada ta."

"Wa ya ce?"

"Kalilu. Abokina na, tare munka yi sakandare. Shi ad da shagon POS bakin tashar Jega."

Ta gangara ƙasa da yatsa, ta tsaya cak.

"Shiya dubu ɗari biyar da arba'in na hannun jarinta ka saya? Waliyyu, ni nake sa hannu a takardar albashinka. Ina ka samo kuɗin wannan?"

Ya dubi ƙofa. Ba kowa, Juma'a ce, rabin ma'aikata sun riga sun sulale.

"Albasa na saida."

"Taka?"

"Ta rudun jan ƙyalle."

Madam Zipporah ta cire tabarau gaba ɗaya ta ajiye. Ba manomiya ba ce, amma wanda ya zauna ƙasar nan shekara goma sha tara ya san abin da ake nufi da albasar iri. Kuma ta sha jin labarin wannan rudun daga bakin Waliyyun kansa, yana faɗa yana hura hanci.

Rudu huɗu Malam Ya'ƙub, mahaifin Waliyyu, yake da su a Sabiyal, rumfunan kara da ake ɗagawa daga ƙasa a zuba albasa ta sha iska. Uku na kasuwa ne. Na huɗun, ƙarami mai jan ƙyalle ɗaure a bakinsa, ba a sayar da abin da ke ciki ko buhu ya kai nawa. Duk kaka tsohon da hannunsa yake zaɓe, ɗaya bayan ɗaya, mai siririn wuya, mai matsattsen ɓawo, mai zuciya guda. Ita ake dasawa a ƙarshen Oktoba ta yi fure ta ba da iri. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan zaɓen tun daga abin da mahaifinsa ya bar masa, har ta kai albasarsa tana wata bakwai a rudu lafiya lau, ta maƙwabta kuwa wata huɗu ta fara wari. Sati biyar da suka wuce ya faɗi a babur ya karye a cinya, aka kwantar da shi gidan wani maɗori a Aliero. Sai ya damƙa rudun a hannun Waliyyu, ya juya ta duk sati, ya tsince wadda ta ruɓe, kuma kowace Juma'a ya kawo masa ƙwaya ɗaya ya yanka ya gani da idonsa.

"Nawa ka sayar?" ta tambaya.

"Buhu tara. Na taran ma da ƙyar yac cika. Ran Assabar, ga Alhaji Sabi'u dillali."

"Duka?"

"Ba saidawa ta har abada ba, Madam. Ya yi min alkawali za ya aje ta gefe har yau. In na zo da kuɗɗinai da ɗan abin da zan ɗora, in kwashe abina."

"Wato aron irin babanka ka yi na kwana shida."

"Na gwada da dubu arba'in wancan watan, sati biyu ta koma saba'in. Da idona nig gani, na cire, na kashe. Sai nac ce kwana shidda kaɗai..."

"Talata ta hau. Me ya hana ka fita?"

"Na ce ta ƙara kaɗan."

"Laraba da safe da ta fara sauka fa?"

Ya sosa ƙeya.

"Na ɗauka awa albasa ta. In ta hwaɗi da kaka, ba ka saidawa, ajewa kaka yi, damina na zuwa ta tashe ta. Sai da rana ta yi nisa nij ji tsoro nis sa oda."

Ta girgiza kai, ba da faɗa ba.

"Albasa tana tashi ne don mutane suna cin ta, rudu yana raguwa. Wannan wa yake cin ta? Zo ka gani."

Ta danna wani wuri da bai taɓa dannawa ba. Layi biyu suka fito.

"Nan masu son sayarwa ne. Shiya miliyan sittin da biyu suna jira, kai kana can tsakiyarsu. Nan kuma masu son saye."

Layin fari ne fat, babu ko lamba ɗaya.

"Ka taɓa kai albasa kasuwa ranar da mota ko ɗaya ba ta zo daga kudu ba?"

"Na taɓa."

"Nawa ake sayar da buhu ranar?"

"Ba ta da kuɗɗi rannan. Baki kawai aka yi."

"To wannan naira ɗaya da sha huɗun da kake ta kallo, baki ne."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Saƙon murya ne daga Kalilu. Waliyyu ya kai hannu, ta riga shi dannawa.

"Mutumina! Kar ka bari jan nan ya tsorata ka, manya na ka girgiza itace don ƙanana su hwaɗo. Yau ta ranar saye. Saida simintin nan naka da ba ya motsi, ka zuba nan. Wallahi zuwa Laraba ka ninka. Taho shago mu yi magana."

Saƙon ya ƙare.

"Madam," Waliyyu ya ce a hankali, "in da gaskiya tai fa? Simintin bai fi buhu huɗu ba in na saida. In ko ya ninka..."

"Zauna."

Ya zauna.

"Ni ban so ka taɓa simintin nan ko kaɗan. Wata goma sha huɗu kana tarawa. Nawa tun ɗana Timothy yana firamare nake riƙe da shi, akwai shekarar da ya faɗi rabi, ban sayar ba, na ci gaba da cin tuwona. Ribarsa ce ta biya masa jami'a. Haka ake yin abin, a hankali, har ka gaji da jira." Ta turo masa wayar. "Amma siminti yana kasuwa gobe, yana nan jibi, ka iya sake saye. Irin babanka ba a kasuwa yake ba. In za ka sayar, ka sayar don ka fanso buhu huɗu. Kana dannawa za a saye, sai dai kuɗin ba zai shigo hannunka ba sai Talata ko Laraba. Ka je ka roƙi Alhajin ya ƙara maka kwanaki."

"Huɗu cikin tara."

"Huɗu iri ne. Kuma ka gaya wa Baba da bakinka."

"A'a, Madam. Wannan kam a'a."

"Ni na nuna maka hanyar nan, shi ya sa abin yake ci na. Tashi ka tafi, zan ce na aike ka."

*

Ya hau babur ya kama hanyar Jega, zuciya biyu. Ku da kuke karatu kun riga kun san amsa, saboda ba kuɗinku ba ne. Shi kuwa lissafin yana ta juya masa. In ya bi Madam, zai tsaya gaban tsoho da buhu huɗu da bayanin inda biyar suka shiga. In ya bi Kalilu kuma abin ya yi, ranar Laraba tara ɗin suna cikin rudu, an mayar da jan ƙyalle, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Wannan na biyun shi ya fi masa daɗi, don shi kaɗai ne babu kunya a cikinsa.

Yana cikin wannan tunani wata jar tirela shaƙe da albasa ta taho daga Jega tana danna ham. Ya sauka gefen titi ya ba ta hanya, warin albasa ya buge shi, ya yi tsaki ya hau ya ci gaba.

Jega ta cika ta batse, ranar kasuwa ce. A ƙofar shagon Kalilu ga sabon babur a jingine, ko ledar sirdi ba a cire ba.

"Ango na Tauraruwa!" Kalilu ya taso da fara'a, hannu duk man tsire. "Ka ga kana zuwa da wuri? Zamna, ci nama."

"Na ƙoshi. Kalilu, oda ta kwana ukku ba ta fita ba."

"Don Allah na son ka na. Da ta fita da yanzu kana kuka. Ka kawo simintin?"

"Yana nan."

"To danna. Kwana biyu kuɗɗin sun sauka, ko kuma in ba ka nawa yanzu ka shiga, in naka sun zo ka maido. Kar ranar ga ta wuce ka."

"Madam ta ce babu mai saye ko guda."

"Wace Madam? Tsohuwar ofis ɗinku? Waɗannan su ne masu aje kuɗɗi shekara ashirin su sayi tabarau. Kai yaro na, jininka na gudu. Dubi abin da nis samu wata guda." Ya buɗe manhajar a wayarsa ya nuna masa wata koriyar lamba a sama, ya nuna babur da haɓa.

"Kai nawa kaƙ ƙara saye yau?"

"Ni? Ai ni na cika tun tuni."

Wata mata ta tsaya bakin kanta za ta ciri kuɗi. Kalilu ya ajiye wayar a kan benci ya juya ga na'urarsa, ya bar ta a buɗe.

Waliyyu bai yi niyyar dubawa ba. Ido ne dai ba shi da linzami. A ƙasan koriyar lambar akwai jerin abin da Kalilu yake riƙe da shi. Ya nemi Tauraruwa bai gani ba. Abin da ya gani a layin farko shi ne kamfanin simintin nan, wanda aka ce ba ya motsi.

Ya ɗauki wayar ya danna tarihin ciniki. Litinin, ƙarfe goma da minti arba'in. An sayar da Tauraruwa, shiya dubu ɗari biyar da arba'in, a naira ɗaya da kwabo arba'in.

Ya ciro tasa wayar ya duba. Litinin, ƙarfe goma da minti arba'in.

Matar ta karɓi kuɗinta ta tafi. Kalilu ya juyo, ya ga wayoyi biyu a hannun Waliyyu, fara'ar ta ragu amma bai firgita ba.

"Ran Litinin," Waliyyu ya ce, "da kak kira ni kac ce in danna yanzu-yanzu, kar in ƙara minti guda. Wa as saida min?"

"Kassuwa."

"Kalilu."

"Kassuwar ga ba a ganin mai saidawa. Kowa ya san haka."

"Ni ga shi ina ganinai."

Kalilu ya karɓi wayarsa ya goge da gefen riga ya sa aljihu. Ya zauna ya ɗauki tsinken tsire.

"To, ni na. Sai mi? Kai ka so saye, ni na so saidawa. Kai ɗan manomin albasa na, in babanka ya kai kaya kassuwa yana ce ma mai saye gobe za ta hwaɗi?"

"Babana bai taɓa sa ruɓaɓɓa ƙasan buhu ba."

"Ni ma wani ya saida min. Daga sama anka turo, anka ce kowa ya buɗe guruf ya tara mutum ashirin. Wanda ya riga fita ya sha, wanda ya makara ya riƙe. Haka wasan yake."

"Ka san kuɗɗin mi na nis sa?"

"Ban tambaye ka ba, ba ka hwaɗa min ba."

"To yau fa? Kai ka riga ka fita. Don mi kaka son in ƙara saye?"

Kalilu ya tauna naman ya haɗiye tukuna.

"Na ƙanena bai fita ba."

Wallahi da a ce ihu Kalilu ya yi, ko ya yi rantsuwar ƙarya, da Waliyyu ya samu inda zai kama ya shaƙe shi. Amma mutumin yana zaune yana cin tsirensa, yana ba shi amsa kamar an tambaye shi kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Baƙin ciki ya kama Waliyyu, kuma rabinsa na kansa ne, don ba a ɗaure shi aka kai shi ba.

Ya fita ya tsaya a rana kusa da sabon babur ɗin. Ya buɗe simintinsa. Wata goma sha huɗu, dubu ashirin da biyar-biyar, har da watan azumi da ya hana kansa ɗinkin salla. Ya danna sayarwa.

Kafin ya ɗaga kai wayar ta yi ƙara. An saye.

Ya daɗe yana kallon saƙon. Ashe haka abu mai daraja yake fita, ko minti ɗaya bai cika ba.

*

Alhaji Sabi'u yana zaune kan buhu a rumfarsa ta 'yan albasa, yana sa hula zai tafi masallaci.

"A'a, ɗan Malam! Sai yanzu?"

"Alhaji, alfarma niz zo nema. Buhu huɗu zan ɗauka cikin taran. Kuɗɗin na hanya, wallahi na saida abin da zan biya, ga shaida ga waya. Zuwa Laraba kaɗai."

Alhaji Sabi'u ya dube shi, ya dubi kusurwar rumfar. Waliyyu ya bi idonsa. Wurin a share yake.

"Jiya sau ukku ina kiranka," Alhaji ya ce. "Ba ka ɗauka ba."

Gaskiya ne. Yana ganin kiran ya kife wayar, don ba shi da abin faɗa.

"Kac ce min har Juma'a, Alhaji."

"Yau wace rana ta? Na jira har hantsi. Mai mota na tsaye, kaya ba su cika ba, kai ba ka ɗaukar waya. Ni ɗan kassuwa na."

"A kira direban. In bi shi, in sauke tara ɗin, ko nawa na..."

"Wane tara? Yaro, ai ba a loda ta yadda taz zo. Zazzagewa munka yi. Albasar babanka kyau gare ta, jawur, ga ƙarfi awa dutse. Ita munka yi ma sauran fuska."

Waliyyu ya san abin da ake nufi, a cikin sana'ar ya tashi. In an cika buhu da ta gama-gari, sai a zaɓo masu kyau a jera a baki don idon mai saye.

"Buhu nawa?" ya tambaya.

"Ɗari biyu da sittin. Kowane da 'yar fuskatai. Jar tirela ta, ta Anacha, can kudu. In daga Maiyama kake ai kun gamu bisa hanya."

Waliyyu ya nemi buhu ya zauna.

Da ya tashi, sai ya shiga bin tarin albasar da ke rumfar yana tonawa. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan. Daga ƙarshe ya samu wata ja mai ɗan siririn wuya, ya juya ta a hannu, ya ga kamar za ta wuce.

"Nawa wagga?"

"Ɗauka," Alhaji Sabi'u ya ce, ya kawar da kai. "Ka gaida Malam da jiki."

Mai hankali da ya sha wannan dukan tun safe, da ya haƙura da dabara haka nan. Waliyyu ya sa albasar a aljihu.

*

Bayan la'asar ya isa Aliero. Gidan maɗorin cike yake kamar kullum, masu karaya jere a rumfa, wasu daga Nijar, wasu daga kudu. Malam Ya'ƙub yana ɗakin ƙarshe a kan tabarma, ya jingina da bango, ƙafar dama a miƙe cikin karan ɗori an naɗe da tsumma. Inna Gudiya, mahaifiyar Waliyyu, tana gefe tana dama masa fura.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Ma'aikaci, yau ka makara."

"Na biya Jega, Baba. Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta gode Allah. Jiya na motsa yatsu duka biyat, tambayi uwarka." Tsohon yana cikin nishaɗi. "Na aika ma wanka Muntari ya fara gyaran fadama ran Assabar. Kwana goma sha biyu ya rage mu dasa. In ban iya tsayuwa ba, a aza ni bisa amalanke a kai ni, in zamna in ga ana yi. Ka juya ta?"

"Na juya."

"Ruɓaɓɓu nawa?"

"Ba yawa."

"Ba za su yi yawa ba. Kawo ta."

Ya miƙa hannu. Waliyyu ya ciro albasar ya ɗora masa a tafi.

Malam Ya'ƙub bai dube ta ba tukuna. Ya auna nauyinta a hannu. Ya matsa wuyan da babban yatsa. Ya kai ta hanci. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya a inda yake.

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro 'yar wuƙarsa, ya yanka ta a tsakiya, ya buɗe.

Zuciya biyu.

Inna Gudiya ta daina dama fura.

"Wagga ta sha takin zamani har ta ƙoshi," tsohon ya ce, a natse, kamar yana karanta wasiƙa. "Ruwa gare ta. Ba ta kai wata ukku cikin rudu. Kuma shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yanka zuciya biyu daga jan ƙyalle ba." Ya ajiye ɓarin biyu a kan tabarma, ya goge wuƙar. "Ɗiyar wa kak kawo min?"

Waliyyu ya durƙusa. Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu.

"Baba, na saida ta."

"Innalillahi," Inna Gudiya ta ce, ta dafe ƙirji.

"Na sa kuɗɗin ga wani abu na waya, na zaci kwana shidda..."

Tsohon ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka don mi ba. Ban tambaye ka nawa anka ba ka ba. Ni ma na taɓa saida iri, shekarar da kakarka ta kwanta asibiti. In ta ɓaci ana saidawa, ba haramun na ba. Amma ana ragewa." Ya dube shi ido cikin ido. "Nawa kar rage?"

Waliyyu ya sunkuyar da kai.

"Buhu guda?"

Tsohon ya leƙa fuskarsa.

"Kwando?"

"Waliyyu, yi magana mana," Inna Gudiya ta ce. "Babanka na tambayarka."

 A nan ne fuskar Malam Ya'ƙub ta canza, ba fushi ba, tsoro ne, irin wanda Waliyyu bai gani a fuskar ba ko ranar da aka ja ƙashin cinyar aka haɗa. Tsohon ya sunkuya ya kama bakin tsumman da aka naɗe karan ɗori da shi, ya fara warwarewa.

"Malam! Mi kaka yi? Maɗori ya ce sati ukku!"

"Sake ni, Gudiya." Ya ci gaba da kwancewa. "Tashi ka tada babur, ka kai ni Sabiyal tun da sauran rana. Ƙarƙashin rudu ba ya rasa waɗanda sunka zurare ta tsakanin kara. Kullum akwai. Ko goma nis samu sun isa, ko ukku, in dasa su bayan ɗaki in yi ta bi har su dawo. Tashi mana!"

Waliyyu bai motsa ba.

Shi da kansa ya shiga ƙarƙashin rudun ranar Asabar, da rarrafe, da tsintsiya a hannu, ya kwaso na ƙasan kaf don buhu na tara ya cika.